Glasgo: Garin da Ya Iya Gini, Riƙo Ke Ba Shi Wuya

Duk wanda ya taka da ƙafa cikin Glasgo, birni mafi girma a Sikotland, ba zai daɗe ba zai lura cewa launi biyu gare ta. Wasu gine-ginen dutsensu ruwan zuma ne, wasu kuma ja ne mai duhu. Duka biyun dutsen yashi ne. Mai ruwan zumar a kusa aka riƙa haƙo shi, a Giffnock da Bishopbriggs, kuma da shi aka gina yawancin garin har zuwa wajen 1890. Da ramukan suka fara ƙarewa, sai jirgin ƙasa ya shiga kawo jan daga kudu, daga Locharbriggs kusa da Dumfries da kuma yankin Ayrshire. Shi ya sa ɗan gari kan dubi launin gida ya kintata maka shekarunsa.

Amma baƙon da ya sauka a 1960 bai ga ko ɗaya daga cikin launukan nan ba. Baƙi ƙirin ya tarar da garin. Hayaƙin kwal na sama da shekara ɗari, daga murhun gidaje da masana'antu da jiragen ƙasa, ya bi bango ya zauna, har jama'a suka saba da kunkunniya suka manta da abin da ke ƙarƙashinta. Mahukunta kuwa suka ɗauki baƙin nan shaidar tsufa da ƙazanta, suka yanke cewa rusau ne maganinsa. Daga nan ake fara gane halin Glasgo. Ta yi gini irin na masu hannu da shuni, ta haifi gwanayen da Turai ta yi wa tafi, amma riƙe abin da ta gina ya sha gagararta. Abin da ya tsira kuma, sau da yawa ba manyan gari ne suka cece shi ba.

Kuɗin taba, gumin bayi

Daga tsohuwar Glasgo abu kaɗan ne ya rage. Babbar majami'ar garin tana nan, a kan kabarin Mungo, malamin Kirista da ake danganta kafuwar garin da shi. An keɓe ta don ibada a 1197, kuma lokacin da guguwar sauyin addini ta 1560 ta bi majami'un Katolika tana farfasawa, ita ta fita kusan lafiya lau. Tsallaken titi akwai Provand's Lordship, gidan da aka gina a 1471. Kusan shi ke nan. Jami'ar garin, wadda aka kafa a 1451, tana da kyawawan gine-gine na ƙarni na 17 a kan High Street, amma aka sayar da su ga kamfanin jirgin ƙasa, aka baje, aka yi tashar kaya a wurin. Jami'ar ta koma tudun Gilmorehill a 1870.

Arzikin da ya ɗaga garin ta teku ya zo. Haɗewar Sikotland da Ingila a 1707 ta buɗe wa fataken Glasgo kasuwannin Amurka da Karibiyan, ga kuma sa'ar wuri: jirgin da ya tashi daga bakin kogin Clyde kan riga na Landan isa Virginia da mako biyu ko uku. Kafin yaƙin neman 'yancin Amurka ya ɓarke a 1775, Glasgo ta sha gaban Landan wajen shigo da taba, wadda yawancinta ake sake lodawa zuwa Faransa da sauran ƙasashen Turai. Attajiran tabar suka gina manyan gidaje yamma da tsohon gari, suka shata tituna, sunayensu suka zauna a kai har yau: Buchanan, Glassford, Ingram, Cochrane. Ga titin Virginia, ga titin Jamaica. Mafi girma cikin gidajen da suka rage shi ne na William Cunninghame, wanda aka fara a 1778 ya ci fam 10,000. Daga baya aka ƙara masa dogayen ginshiƙai ta gaba, ya zama dandalin 'yan kasuwa, ya zama ɗakin karatu, tun 1996 kuma shi ne gidan zane-zanen zamani na birnin.

Wa ya noma tabar? Bayin da aka kwaso daga Afirka, su da 'ya'yansu da jikokinsu. Su ne kuma suka noma rake da auduga da suka biyo bayan taba. Glasgo ta daɗe tana fakewa da cewa jiragen bayi daga Liverpool da Bristol suka fi tashi, ba daga Clyde ba. Haka ne, sai dai ribar gonakin a nan ta sauka, ta koma dutse da ginshiƙi. Sai a 2018 jami'ar ta fitar da rahoto kan dukiyar bauta da ta shiga asusunta, shekara ta zagayo ta yi alkawarin tara fam miliyan 20 don aikin haɗin gwiwa da Jami'ar West Indies. A watan Maris na 2022, bayan binciken masanin tarihi Stephen Mullen, shugabar majalisar birnin Susan Aitken ta nemi afuwa a madadin Glasgo. An makara ƙwarai, amma an faɗa a fili, kuma birane da yawa da suka ci irin wannan dukiya har yau ba su buɗe baki ba. Ya kamata kuma a tuna wa garin alherinsa: a 1981, Nelson Mandela yana kurkuku, Glasgo ta ba shi lambar girmamawa ta ɗan gari, a 1986 kuma ta sa sunansa ga dandalin da ƙaramin ofishin jakadancin gwamnatin wariya ta Afirka ta Kudu yake. Ya zo da kansa ya yi godiya a watan Oktoba na 1993.

Birni na biyu a daula

Bayan taba sai ƙarfe. A 1801 mutanen garin ba su kai 80,000 ba. Zuwa 1912 sun haura miliyan ɗaya. An yashe Clyde, an zurfafa shi, gaɓoɓinsa suka cika da wuraren ƙera jirage, har ta kai kusan ɗaya cikin kowane jirgin ruwa biyar da ake ƙerawa a duniya daga nan yake fitowa. Unguwar Springburn tana ƙera kawunan jiragen ƙasa ana kaiwa Indiya da Afirka. Garin ya riƙa kiran kansa birni na biyu a daular Birtaniya, kuma ya yi ginin da zai tabbatar da haka. Fadar majalisar birni da ke dandalin George, wadda Sarauniya Biktoriya ta buɗe a 1888, matakalarta ta dutsen mabul ɗin Italiya ce hawa bayan hawa. Masaƙar kafet ta Templeton kuwa, William Leiper ya kwaikwayo mata fuskar fadar sarakunan Venice da bulo kala-kala. Ana cikin ginin, ranar 1 ga Nuwamba 1889, iska ta ture bangon ya faɗa kan rumfar saƙa da ke gefe, mata 29 suka rasu. An sake ɗaga bangon, yana nan yana ƙyalli a bakin filin Glasgow Green.

A cikin wannan hayaniya aka samu mutum guda da ya bi tasa hanyar. Alexander Thomson, wanda aka haifa a 1817, bai taɓa fita daga Birtaniya ba, amma lakabin Bagirke ya bi shi saboda yadda ya riƙi salon ginin Girka ta da. Dattijon coci ne mai tsananin riƙon addini, kuma a wurinsa gini ma ibada ce. Ba ya son baka, wato lanƙwasar nan da ake yi a saman ƙofa ko taga, domin a ganinsa duwatsun baka kullum turin juna suke yi. Ya fi yarda da ginshiƙi a tsaye da dutse a gicciye a kansa. Lokacin da jami'a ta tsallake 'yan gida ta ɗauko George Gilbert Scott daga Landan ya zana mata gini mai tsini irin na majami'un Turai, Thomson ya tashi a bainar jama'a a 1866 ya yi wa aikin kaca-kaca. Abin da ya bambanta shi da masu kwaikwayo shi ne bai tsaya ga Girka ba. Ya ɗebo daga Masar, ya ɗebo daga Assuriya da Indiya, ya haɗa su ya fitar da abin da ba a taɓa gani ba. Majami'arsa ta titin St Vincent, ta 1859, tana zaune a kan wani ƙaton dandamali a gefen tudu, ƙofofinta na Masar, ginshiƙanta na Girka, hasumiyarta kuwa ba ta yi kama da ta kowa ba.

To me garin ya yi da gadon wannan mutum? Cikin manyan majami'unsa uku, bam ɗin Jamus ya ƙone ta Queen's Park a 1943. Wannan ƙaddarar yaƙi ce. Ta titin Caledonia kuwa an bar ta ba kowa bayan an kwashe mutanen unguwar, gobara ta cinye ta a 1965, kangonta na nan tsakanin tituna. Egyptian Halls, katafaren shagon da ya gina a titin Union daura da babbar tashar jirgin ƙasa, benayensa na sama sun shekara gommai a rufe, fuskarsa kuma ta haura shekara goma a bayan ƙarafan gyara, masu ginin da majalisa suna ta ja-in-ja. Gidan Holmwood da ya zana ne ya yi sa'a, ƙungiyar adana kayan gado ta Sikotland ta karɓe shi a 1994.

Hawa huɗu, matakala ɗaya

A ganina, duk da haka, babban aikin Glasgo ba majami'a ba ne, ba kuma fada ba. Gidajen haya ne na dutse da suka jeru mil bayan mil. Tsarinsu ɗaya: hawa uku ko huɗu, ƙofa ɗaya daga titi, matakala ɗaya ta dutse, gida biyu ko uku a kowane hawa, sannan fili a baya mai ɗakin wanki da wurin shanya. Attajiri da lebura duk a irinsu suka zauna. Bambancin yana ciki. A Hyndland da Dowanhill gida kan kai ɗaki biyar ko shida, da tagogi masu turowa waje, da tayil mai zanen furanni a bangon mashiga. A Gorbals da Govan da Townhead kuwa iyali guda kan cunkushe a ɗaki ɗaya, gado a cikin wani loko na bangon kicin, ban-ɗaki ɗaya a kan matakala na gidaje da yawa. Kafin yaƙin duniya na farko, fiye da rabin mutanen garin a ɗaki ɗaya ko biyu suke kwana, tarin fuka yana ta ɗibar yara.

Wanda yake son ganin yadda matsakaicin gida yake, sai ya je lamba 145 a titin Buccleuch. Wata mai buga tafireta, Agnes Toward, ta zauna a can daga 1911 zuwa 1965 ba ta zubar da komai ba, har rasitai da kwalaben jam, yanzu gidan ya zama gidan tarihi.

Matakala ɗaya takan koya wa mutane zama tare ko suna so ko ba sa so. Akwai ranar wankin kowace mace, akwai makon da wanke matakala ke kan kowane gida. Wannan sabo ne ya yi aiki a 1915, lokacin da maza suna bakin daga, masu gidaje suka ƙara kuɗin haya. Matan Govan, Mary Barbour tana gaba, suka ce ba za su biya ƙarin ba. Mace guda takan zauna gadi a bakin mashiga, da ta hango masu fitar da kaya sai ta kaɗa ƙararrawa, mata su fito su tare hanya. Zuwa Nuwamba gidaje kusan 20,000 sun shiga yajin, ma'aikatan jirage suka mara musu baya, kafin ƙarshen shekarar gwamnati a Landan ta yi dokar daskarar da kuɗin haya a duk Birtaniya. Sai a 2018 aka kafa mutum-mutumin Mary Barbour a Govan.

Mackintosh da Margaret

Sunan da ya fi kowane tashe a yau shi ne na Charles Rennie Mackintosh. Ɗan jami'in 'yan sanda ne, an haife shi a Townhead a 1868, ya koyi aiki da rana yana zuwa makarantar koyon zane da dare. A can shi da abokin aikinsa Herbert MacNair suka haɗu da 'yan'uwa mata biyu, Margaret da Frances Macdonald. Su huɗun suka ƙirƙiro wani salo na dogayen layuka da furen wardi da siffofin mata sirara, wanda ya ba 'yan Landan haushi ya kuma burge 'yan Biyana. Mackintosh ya auri Margaret a 1900, shekarar da aka gayyace su baje koli a Biyana, babban birnin Ostiriya, matasan masu zane na can suka karɓe su hannu bibbiyu.

A 1896 shugaban makarantar, Francis Newbery, ya sa gasar zanen sabon gini. Kuɗin da aka ware fam 14,000 ne kacal, filin kuma siriri ne a gefen tudu mai gangare a titin Renfrew. Kamfanin Honeyman da Keppie ya ci gasar, amma kowa ya san hannun ma'aikacinsu mai shekara 28 ne. Saboda ƙarancin kuɗi aka yi ginin kashi biyu, na farko daga 1897 zuwa 1899, na biyu daga 1907 zuwa 1909, kuma tazarar nan ta yi wa aikin rana, domin wanda ya dawo ya ƙarasa ya riga ya nuna.

Abin da ya sa masana ke girmama ginin shi ne komai nasa daga buƙata ya taso. Mai zane yana son hasken da ba ya sauyawa daga safe zuwa yamma, sai Mackintosh ya juya manyan ɗakunan aiki arewa, ya buɗe musu tagogi maka-maka ba ado. Ƙarafan da suka lanƙwaso a gindin tagogin, masu kai kamar toho, ƙarfafa gilashi suke yi, kuma a kansu mai goge taga ke ɗora katakonsa. Ta gabas da kudu bangon ya tashi sak kamar tsoffin gidajen yaƙi na sarakunan Sikotland. Ta yamma kuwa dogayen tagogi uku suka miƙe hawa da hawa, a bayansu ɗakin karatu yake. Ba babba ba ne. Katako ne mai duhu, ginshiƙai sirara suna riƙe da baranda, fitilu suna rataye a tsakiya cikin gungu, haske yana ratsowa tsakanin itatuwan. Akwai hannun Japan a ciki, domin a lokacin jiragen Clyde da injiniyoyinta suna kai da komo da ƙasar, kayan Japan sun cika shagunan garin. A 2009, a wata ƙuri'a da ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Birtaniya ta shirya, wannan makaranta aka zaɓa gini mafi kyau da ɗan ƙasar ya zana cikin shekara 175.

Mai riƙe da Mackintosh da Margaret da aiki a gari mace ce, Kate Cranston, 'yar kasuwa mai gidajen shan shayi. Giya ta yi wa Glasgo katutu a lokacin, masu yaƙi da ita suna neman wurin da mutum zai zauna ba mashaya ba, mata kuma suna neman inda za su haɗu ba tare da rakiyar namiji ba. A gidan shayi na Willow da ke titin Sauchiehall, wanda aka buɗe a 1903, ta sakar wa Mackintosh da Margaret mara: bango, kujeru masu dogon baya, fitilu, cokula, har rigunan masu kawo shayi, duk su suka zana. An daɗe ana danne rabon Margaret a wannan aiki, alhali mijin da kansa ya rubuta mata a wasiƙa a 1927 cewa rabi ko fiye na aikinsa nata ne. Allunan da take yi da farar ƙasa da zare da duwatsun ado su ne ran ɗakunan.

Garin bai riƙe su ba. Aiki ya ja baya, Mackintosh ya bar kamfanin, a 1914 suka koma wani ƙauye a gabar tekun Ingila, inda wasiƙunsa daga Jamus da Ostiriya suka sa aka zarge shi da leƙen asiri a lokacin yaƙi. Ya ƙare a kudancin Faransa yana zanen duwatsu da tashar jirage da fentin ruwa, ya rasu a Landan a 1928 da ciwon dajin harshe. Bayan rasuwar Margaret a 1933, masu ƙiyasi suka yi wa kayan da suka bari kuɗi ƙasa da fam 100. Gidan da suka zauna a Glasgo jami'a ta rushe shi a 1963, daga baya ta sake harhaɗa ɗakunan a cikin gidan tarihinta na Hunterian.

Sai kuma wuta a makarantar zanen. Ranar 23 ga Mayu 2014, ɗalibai suna shirin baje aikin ƙarshen shekara, iskar gas daga gwangwanin kumfa ta haɗu da zafin na'urar haska hoto a ɗakin ƙasa. Wutar ta bi tsoffin hanyoyin iska na katako ta haye sama. 'Yan kwana-kwana sun ceci yawancin ginin, amma ɗakin karatu ya zama toka. Aka tara kuɗi, aka nemo kafintoci da maƙera, aka shiga aikin kusan fam miliyan 35, ana auna kowane guntun katako da ya tsira. Aiki ya kusa kammala, daren 15 ga Yuni 2018 wata gobarar ta tashi, wadda ta ninka ta farko. Sama da 'yan kwana-kwana 120 suka kwana suna fama, har daga Clyde aka riƙa janyo ruwa. Da gari ya waye bango kawai ya rage. Maƙwabta suka yi makonni ba a bar su sun koma gidajensu ba. Rahoton hukumar kashe gobara da ya fito a Janairun 2022 ya ce ɓarnar ta yi yawan da ba za a iya gano musabbabin ba. Makarantar ta yi alkawarin mayar da ginin yadda yake, amma taƙaddama da kamfanonin inshora ta ja aikin baya. Gobarar farko za a iya kiranta tsautsayi. Ta biyu, a gini guda, cikin shekara huɗu, kuma duka biyun babu na'urar kashe wuta mai aiki a ciki, sakaci ne, kuma mutanen garin suna da gaskiya da suka ƙi yin shiru.

Kayan kowa

Inda Glasgo ta yi abin a yaba ba tare da wani amma ba shi ne gidajen tarihinta. Na birni ne, kuma shiga kyauta ce. Kelvingrove, jan ginin da aka buɗe a 1901 da taimakon ribar baje kolin 1888, wurin da kakanni ke kai jikoki ne ranar da ake ruwa. A nan ake ganin aikin matasan nan da aka yi wa laƙabi da samarin Glasgo, irin su James Guthrie da John Lavery da George Henry da E. A. Hornel, waɗanda a shekarun 1880 suka gaji da zanen tsaunuka da barewa don bangon attajirai, suka fita ƙauye suna zana manoma da yara masu kiwo yadda suke. A nan kuma hoton Almasihu na Salvador Dalí yake, wanda shugaban gidajen tarihin, Tom Honeyman, ya saya a 1952 kan fam 8,200, ana ta sukarsa da almubazzaranci. Ya haɗa har da haƙƙin buga hoton, kuɗin kuma sun daɗe da dawowa.

Ba duk abin da ke cikin akwatunan gilashin ne ya zo ta hanyar halal ba. Akwai kayan tagulla da sojojin Birtaniya suka wawushe daga fadar Benin a 1897. A watan Afrilun 2022 majalisar birnin ta amince a mayar da su Najeriya, tare da wasu kayan Indiya da na ƙabilar Lakota ta Amurka.

Attajirin jirage William Burrell ya ba garin kayan da ya tara, waɗanda daga baya suka kai kusan guda 9,000, a 1944, da sharaɗin a ajiye su nesa da hayaƙin gari. Sai a 1983 aka samar musu gida a dajin Pollok. Cikinsu akwai dardumar Farisa ta ƙarni na 17 da aka saƙa da siffar lambu, da magudanan ruwa da tsuntsaye da kifaye, tana cikin tsofaffin irinta da suka rage a duniya.

Rusau, da abin da ya tsayar da shi

A 1945 injiniyan birnin, Robert Bruce, ya kawo shawarar a share tsakiyar garin kaf a sake sabo, har da fadar majalisa da babbar tasha da makarantar Mackintosh. Ba a bi shi duka ba, amma an bi ruhinsa. Ba za a ce mahukuntan mugaye ne ba. Sun ga yara suna mutuwa a ɗakuna masu laima, suna son fitar da jama'a cikin gaggawa. Sai dai gyaran ya zama na gangar Auzinawa. Aka ware unguwanni 29 don rusau, aka kwashe mutane zuwa Castlemilk da Easterhouse da Drumchapel, inda aka yi gidaje aka manta da shaguna. Babbar hanyar M8 ta tsaga ta cikin gari, ta haɗiye Anderston da yawancin Townhead. Yaran Townhead ɗin nan su ne Joan Eardley ta riƙa zanawa a bakin bangaye masu rubutun alli, kafin ta rasu a 1963 tana da shekara 42. Zanenta ya rage, titunan sun tafi.

A madadinsu aka ɗaga dogayen benaye. Na Basil Spence a Gorbals, hawa 20, an gama su a 1965, laima ta hana mazauna sakat, aka tashe su da nakiya a 1993, tarkacen ya kashe wata mata cikin 'yan kallo. Na Red Road, guda takwas, wasu hawa 31, an yi su don mutum 4,700. Daga baya masu neman mafaka daga Afirka da Asiya da gabashin Turai aka riƙa saukewa a ciki. Masu shirya wasannin Commonwealth na 2014 sun so su rushe su kai tsaye a talabijin a bikin buɗewa, jama'a suka ce gidajen mutane ba abin wasa ba ne, aka fasa. An kayar da na ƙarshe a 2015.

Iska ce ta juya akalar. Daren 14 ga Janairu 1968 guguwa ta afka wa garin, bututun hayaƙi suka riƙa faɗowa ta cikin rufi, mutum tara suka mutu a Glasgo, dubban gidaje suka lalace. Da aka hau gyara sai aka ga abin da mazauna suka daɗe suna faɗa: bangon lafiyarsa ƙalau, rufi da famfo da ban-ɗaki ne matsalar. A Govan wani ɗalibin zanen gine-gine, Raymond Young, ya zauna da mutanen unguwa, a 1972 suka nuna a yankin titin Taransay cewa ana iya saka ban-ɗaki a cikin tsohon gida ba tare da an kori kowa ba. Daga nan ƙungiyoyin gidaje na unguwa suka bazu, mazauna da kansu suke zama a kwamiti, su sayi gidaje, su gyara, su ba da haya. Aka shiga wanke bango, wani wurin da sinadarin da ya ci fuskar dutsen, amma garin ya fito da kamanninsa. A kan wannan aka ɗora duk abin da ya biyo baya: zaɓen Glasgo birnin al'adu na Turai na 1990, babban masallacin Gorbals na 1984 da jan bulonsa da ƙubbarsa ta gilashi, gidan tarihin sufuri da Zaha Hadid 'yar Bagadaza ta zana a bakin Clyde aka buɗe a 2011, da jerin ɗaliban makarantar zane da suka ci kyautar zane ta Turner, daga Douglas Gordon a 1996 zuwa Jasleen Kaur a 2024.

Yanzu gyaran shekarun 1970 da 1980 shi ma ya tsufa. Akwai gidaje kimanin 70,000 a irin waɗannan benaye da aka gina kafin 1919, ruwan sama kuma ƙaruwa yake yi. Dutsen yashi yana shan ruwa, kuma kamar gidan ƙasa da aka tsallake wa yaɓe damina biyu, ɓarnar daga sama take farawa: indararo ya toshe, rufi ya yi yoyo, katakon ciki ya ruɓe. Wahalar ita ce rufi ɗaya na gida takwas ne. Wani mai gidan ɗan fansho ne, wani ɗalibi ya saka a ciki yana zaune a wata ƙasa, na hawan ƙasa kuma yana ganin yoyon bai shafe shi ba. Dokar da majalisar Sikotland ta yi a 2004 ta ba masu rinjaye damar yanke shawarar gyara inda takardun gida ba su fayyace ba, amma yanke shawara daban, tara kuɗi daban. A watan Nuwamban 2023 majalisar Glasgo ta ayyana cewa birnin ya shiga halin ta-ɓaci kan ƙarancin gidaje, kuma kowane bene da aka bari ya kai ga rusau, iyali takwas ne ke ƙaruwa a layin masu jira.